Ciwon Kumburin Hanji Mai Daɗewa da Aikin Ƙwayoyin Jiki Masu Tsawatarwa

Gabatarwa

Zawo da ciwon ciki ba baƙi ba ne a garuruwanmu. Mafi yawansu ƙwayoyin cuta ne ke kawo su, ta hanyar gurɓataccen ruwa ko abincin da ƙuda ya sauka a kai, kuma idan aka sha maganin da ya dace sukan wuce cikin ƴan kwanaki. Amma akwai wani ciwon hanji da ba ya bin wannan hanya. Mai shi yakan yi wata da watanni yana zawo, wani lokaci da jini da majina. Sai ya rame, ya sha magungunan atuni har ya gaji, ciwon ya lafa, bayan wani lokaci ya sake tashi. Likitoci suna kiransa ciwon kumburin hanji mai daɗewa. A cikin wannan ciwo, garkuwar jikin mutum ce da kanta take raunata bangon hanjinsa.

Wannan shafi zai bayyana yadda hakan ke faruwa, da aikin wasu ƙwayoyin jiki waɗanda Allah ya ɗora wa nauyin hana garkuwar jiki wuce gona da iri. Fahimtar aikinsu za ta taimaka wa mai karatu ya gane dalilin da ya sa maganin wannan ciwo ya sha bamban da na atuni, da kuma hatsarin da ke cikin shan magani ba tare da bincike ba.

Mene ne ciwon kumburin hanji mai daɗewa?

Hanjin babban mutum kashi biyu ne: ƙaramin hanji, mai tsawon kamar mita 6, inda jiki ke tsotse amfanin abinci, da babban hanji, mai tsawon kamar mita ɗaya da rabi, inda ake tsotse ruwa kafin bahaya ya fita. Ciwon da muke magana a kai iri biyu ne.

Na farko shi ne gyambon babban hanji. Yakan fara daga ƙarshen hanji, kusa da dubura, ya bi ta sama ba tare da tsallake wani wuri ba, kuma fatar cikin hanjin kawai yake ci. Babbar alamarsa ita ce zawo da jini, da yawan jin matsuwar zuwa bayan gida. Wani likitan Landan mai suna Samuel Wilks ya bayyana shi a 1859.

Na biyu shi ne cutar Kuron, wadda ta samo sunanta daga likita Burrill Crohn na birnin Niyok a Amurka, wanda ya bayyana ta tare da abokan aikinsa biyu a 1932. Ita tana iya kama kowane wuri daga baki har dubura, ko da yake ta fi kama ƙarshen ƙaramin hanji. Takan ci nan, ta tsallake can, kuma tana ratsa kaurin bangon hanji gaba ɗaya. Shi ya sa takan sa hanji ya tsuke, ko ya yi ƙurji mai yoyo kusa da dubura.

Dukansu biyu sun fi farawa tsakanin ƙuruciya da shekara 35, maza da mata. Ba a ɗaukar su daga wani, ko da an ci abinci a kwano ɗaya. Wani ƙidaya na duniya ya nuna cewa a 2017 mutum miliyan 6 da dubu 800 ke fama da su. Sun fi yawa a Turai da Arewacin Amurka, inda a ƙasashe da dama fiye da mutum 3 cikin 1000 ke da su, amma tun daga wajen 1990 ana ganin ƙaruwarsu a Asiya da Kudancin Amurka da Afirka, musamman a birane.

Aikin da ke gaban garkuwar jiki a cikin hanji

Garkuwar jiki ita ce rundunar da ke kare mu daga cututtuka. Sojojinta su ne fararen ƙwayoyin jini. Idan ƙwayar cuta ta shiga jiki, wasu daga cikinsu suna yin kururuwa, wasu kuma suna kai farmaki. Wurin da ake wannan faɗa yakan yi ja, ya yi zafi, ya kumbura. Wannan shi ne kumburi, kuma idan ya tsaya a kan lokaci alheri ne, domin da shi ake kashe cuta.

To, amma hanji wuri ne mai wuyar tsaro. A dubi kasuwar gari ranar cinta: baƙi ne ke shigowa ta kowace ƙofa, kusan dukansu masu neman halaliyarsu, ɓarawo kuwa ɗaya ne a cikin dubu. Idan masu gadi suka ɗauki kowane baƙo ɓarawo, suka hau shi da duka, to kasuwa ta watse, rumfuna su karye. Haka hanji yake. Kullum abinci na shigowa, kuma abinci baƙo ne ga jiki. Bayan haka, a cikin babban hanji akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda ake kira bakteriya, da yawansu ya kai kusan yawan ƙwayoyin jikin mutum gaba ɗaya. Mafi yawansu masu amfani ne: suna taya mu narka abinci, suna hana miyagu samun wurin zama. Tsakaninsu da cikin jiki kuwa, shimfiɗa ɗaya ce tak ta ƙwayoyin fatar hanji, da majinar da ke lulluɓe da ita.

Saboda haka dole ne garkuwar jiki ta iya abu biyu a hanji: ta kama ɓarawo, ta kuma ƙyale baƙon kirki. Wannan ƙyalewa ba sakaci ba ne, aiki ne da wasu ƙwayoyi na musamman ke yi dare da rana.

Su wane ne masu tsawatarwa?

A cikin fararen ƙwayoyin jini akwai wani jinsi da ake kira ƙwayoyin T. Ana haifar su a ɓargo, su je su koyi aiki a wani ɗan nama da ke bayan ƙashin ƙirji, mai suna timus. Mafi yawansu mayaƙa ne ko masu ba da umarnin yaƙi. Amma wani ƙaramin kashi, wajen 5 zuwa 10 cikin 100 na masu ba da umarnin, aikinsu shi ne hana faɗan da bai kamata ba, da tsayar da wanda ya riga ya biya bukata. Masana suna kiransu Tireg a taƙaice. A wannan shafi za mu kira su masu tsawatarwa.

Wasunsu a timus ake horar da su. Wasu kuma a hanjin kansa suke samun horo, lokacin da suka haɗu da abinci da bakteriya masu amfani. Wani sinadari da jiki ke yi daga bitamin A yana cikin abubuwan da ke taimaka wa wannan horo.

Hanyoyin aikinsu sun haɗa da waɗannan:

1. Suna fitar da sinadarai masu ɗauke da saƙon "a dakata". Mafi shahara a cikinsu su ne IL-10 da TGF-beta.
2. Suna shanye wani sinadari mai suna IL-2, wanda mayaƙa ke bukata domin su hayayyafa, sai mayaƙan su rasa guzuri.
3. Suna manne wa ƙwayoyin da ke yin kururuwa, su rage ƙarfin kiran da suke yi wa mayaƙa.
4. Suna taimakawa wajen gyaran naman da faɗa ya ɓata.

Yadda aka gano su

A 1969 wasu masana biyu a Japan suka lura cewa idan aka cire wa jaririn ɓera timus yana da kwana 3, garkuwar jikinsa takan juyo ta afka wa sassan jikinsa. Wannan ya nuna akwai wani abu mai hana ta ɓarna da ke fitowa daga timus. Masani Shimon Sakaguchi ya shafe shekaru yana neman wannan abu, a lokacin da masana da yawa suka daina yarda da cewa akwai shi. A 1995 ya nuna cewa wasu ƙwayoyin T ne masu ɗauke da wata alama a jikinsu, mai suna CD25.

A Amurka kuma, akwai wani dangin ɓeraye da mazansu ke mutuwa cikin ƴan makonni bayan haihuwa, saboda garkuwar jikinsu na cinye su. A 2001 Mary Brunkow da Fred Ramsdell suka gano ƙwayar gadon da ta lalace a jikinsu, aka sa mata suna FOXP3. An kuma gane cewa lalacewar wannan ƙwayar gado ce ke jawo wata cuta mai wuyar samu ga jarirai maza, mai suna IPEX. A 2003 Sakaguchi da wasu masana suka tabbatar da cewa FOXP3 ita ce ke ba da umarnin yin masu tsawatarwa. Saboda wannan aiki aka ba su ukun kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2025.

Shaidun da ke nuna aikinsu a hanji

Shaida ta farko daga ɓeraye take. A 1993 masaniya Fiona Powrie, ƴar ƙasar Ingila, ta ɗauki ɓerayen da ba su da ƙwayoyin T ko kaɗan. Da ta zuba musu ƙwayoyin T waɗanda aka tsame masu tsawatarwa daga cikinsu, sai babban hanjinsu ya kumbura, suka rame. Da ta zuba su tare da rukunin da masu tsawatarwa ke ciki, hanjin bai kumbura ba. A 2003 ita da abokan aikinta suka nuna cewa ko bayan ciwon ya kama, zuba masu tsawatarwa yana warkar da ɓerayen.

Shaida ta biyu: a 1993 ɗin dai, masana a Jamus suka samar da ɓerayen da jikinsu ba ya iya yin IL-10. Su ma sai kumburin hanji ya kama su. Daga baya aka ga cewa idan aka rene su a wurin da babu bakteriya sam, ciwon ba ya tashi. Ke nan faɗan da ba a tsawatar ba, da bakteriyar hanji ake yin sa.

Shaida ta uku daga ƴan Adam take. Jariran da ke da cutar IPEX, babbar alamarsu ita ce zawo mai tsanani da ba ya tsayawa tun watannin farko na rayuwa. Haka kuma a 2009 aka gano wasu yara masu mummunan kumburin hanji tun suna jarirai, waɗanda ƙwayoyin jikinsu ba sa iya jin saƙon IL-10 saboda lahanin gado. Da aka yi wa ɗayansu dashen ɓargo, ciwon ya lafa.

Shaida ta huɗu: akwai sababbin magungunan ciwon daji da ke aiki ta hanyar kwance wa garkuwar jiki linzami domin ta yaƙi dajin. Ɗaya daga cikin illolinsu da aka fi sani ita ce kumburin babban hanji.

Me ke faruwa a jikin mai ciwon?

Yawancin masu gyambon babban hanji ko cutar Kuron ba su rasa masu tsawatarwa ba kamar jariran da aka ambata. Idan aka duba naman hanjinsu da ya kumbura, akan tarar da masu tsawatarwa a wurin, har ma fiye da na hanji mai lafiya. Matsalar ita ce an fi ƙarfinsu. Mayaƙa sun taru da yawan da ya wuce kima, wasu daga cikin mayaƙan kuma sun daina jin tsawa. Bugu da ƙari, a cikin zafin kumburi wasu masu tsawatarwan sukan raunana, har su fara fitar da sinadaran faɗa su ma. Kumburin yana ɓata fatar hanji, bakteriya su ƙara kutsawa ciki, mayaƙa su ƙara harzuƙa. Haka abin ke ta juyawa.

Ba abu ɗaya ke kai mutum ga wannan hali ba. Akwai gado: an gano wurare fiye da 200 a cikin ƙwayoyin gadon ɗan Adam da ke da alaƙa da ciwon, shi ya sa wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ke da shi ya fi kusa da kamuwa, ko da yake mafi yawan dangin masu ciwon ba sa kamuwa. Akwai kuma yanayin rayuwa: shan taba yana ƙara hatsarin cutar Kuron, yana kuma tsananta ta. Yawan shan magungunan kashe bakteriya, musamman a yarinta, da yawan cin abincin kanti da aka sarrafa ƙwarai, an danganta su da ƙaruwar ciwon.

Abinci, bakteriya da masu tsawatarwa

A 2011 masana a Japan suka nuna cewa wasu bakteriya masu amfani suna ƙara yawan masu tsawatarwa a babban hanjin ɓera. A 2013 aka gano ɗaya daga cikin hanyoyin da suke bi. Akwai ɓangaren abinci da cikinmu ba ya iya narkawa, wato harza ko dusar da ke cikin hatsi da wake da ganye. Idan ta isa babban hanji, bakteriya suna cin ta, su fitar da wasu sinadarai, daga ciki har da wani mai suna butirat. Shi butirat abinci ne ga fatar hanji, kuma yana taimakawa wajen horar da masu tsawatarwa.

Abincinmu na gargajiya yana da wadatar wannan harza: gero da dawa da ba a surfe su fiye da kima ba, wake, kuka, kuɓewa, zogale, rama da yakuwa. Riƙe su alheri ne ga hanjin mai lafiya. Sai dai a kula: abinci kaɗai ba ya warkar da ciwon idan ya kama. Wanda hanjinsa ya tsuke saboda cutar Kuron, ko wanda ciwonsa ya tashi, likita na iya umartar sa da ya rage abinci mai harza na wani lokaci.

Magani

Har yanzu babu maganin da ke kawar da ciwon baki ɗaya, amma akwai masu kwantar da shi shekara da shekaru, mutum ya yi noma ko kasuwanci, ya yi aure ya haihu. Dukansu aikinsu shi ne rage ƙarfin mayaƙa. Akwai sulfasalazin da mesalazin, waɗanda aka fi ba masu gyambon babban hanji. Akwai kotizon da danginsa, irin su firedinisolon, masu kashe kumburi da sauri, amma na ɗan lokaci ne, domin daɗewa a kansu yana kawo ciwon sukari da hawan jini da raunin ƙashi. Akwai azatiyofirin na riƙe lafiya. Akwai kuma allurai na zamani masu toshe sinadarin faɗa ɗaya tak, irin su infiliksimab, wanda aka amince da shi a Amurka a 1998. Idan magani ya gaza, akan yi aikin tiyata.

Masana suna kuma gwada wata hanya: maimakon rage mayaƙa, a ƙara masu tsawatarwa. Akan ɗebi jinin majinyaci, a tsame masu tsawatarwa, a hayayyafa su a ɗakin bincike, a mayar masa. A 2012 aka ba da rahoton gwajin farko na irin wannan a Faransa, a kan mutum 20 masu cutar Kuron. Wannan hanya tana matakin gwaji ne, ba ta zama maganin asibiti ba. Duk wanda ya zo yana tallar ta domin kuɗi, a guje shi.

Abin da ya kamata mai karatu ya kiyaye

A ƙasarmu, zawo da jini ya fi zama atuni na amiba ko na bakteriya, ko tsargiyar hanji. Tarin fuka ma yana kama hanji, kuma yana kama da cutar Kuron ƙwarai. A waɗannan cututtuka akwai ɓarawo na gaske a kasuwa, kuma jiki yana bukatar mayaƙansa. Idan aka ba mai amiba ko mai tarin fuka maganin rage garkuwa shi kaɗai, cutar na iya bazuwa har ta kai ga rasa rai. Shi ya sa likita ke fara binciken bahaya da jini da ƙirji kafin ya yanke hukunci. Tabbatar da ciwon kumburin hanji kuwa yana bukatar a leƙa cikin hanji da wani siririn tiyo mai fitila da kyamara, a ciro ɗan gutsuren nama a duba. A manyan asibitoci ake yin wannan.

A hanzarta zuwa gidan likita idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Jini a bahaya, ko da sau ɗaya ne. Kada a ce basur ne a zauna.
2. Zawon da ya wuce mako 2, ko mai tafiya yana dawowa.
3. Zawon da ke tada mutum daga barci.
4. Rama, ƙarancin jini, ko yaron da ya daina girma.
5. Ƙurji ko yoyo kusa da dubura.
6. Ciwon gaɓoɓi, jan ido ko gyambon baki tare da ciwon ciki.

Ga wanda aka tabbatar yana da ciwon:

1. Ya ci gaba da shan magani ko da ya ji sauƙi. Kada ya tsayar da kotizon farat ɗaya, likita ne ke rage shi a hankali.
2. Ya guji magungunan tebur da na ƴan talla, musamman ƙwayoyin sa ƙiba, domin da yawansu dangin kotizon ne.
3. Ya nemi shawarar likita kafin ya sha ibufurofen ko dikilofenak, domin suna iya tada ciwon.
4. Ya daina shan taba.
5. Lokacin zawo ya riƙa shan ruwan gishiri da sukari.
6. Mace mai son ɗaukar ciki, da mai niyyar azumi, su fara tattaunawa da likita.
7. Bayan shekara 8 zuwa 10 da ciwon babban hanji, a riƙa leƙa hanjin lokaci lokaci, domin hatsarin ciwon daji yana ƙaruwa.

Ga iyali da maƙwabta: wannan ciwo ba sammu ba ne, ba kuma rashin tsabtar mai shi ba ne. Yana bukatar bayan gida a kusa, da haƙurin waɗanda yake zaune da su, da taimako wajen kuɗin magani. An keɓe ranar 19 ga watan Mayu na kowace shekara domin wayar da kai a kan wannan ciwo a duniya.

Ma'anar wasu kalmomi

Garkuwar jiki: rundunar da ke kare jiki daga cututtuka.
Ƙwayoyin jiki: ƙananan tubalan da aka gina jiki da su, waɗanda ido ba ya gani.
Ƙwayar gado: umarnin ginin jiki da ɗa ke gada daga uwa da uba.
Bakteriya: ƙananan halittu, wasu masu cutarwa, wasu masu amfani.
Timus: ɗan naman da ke bayan ƙashin ƙirji, inda ƙwayoyin T ke koyon aiki.
Masu tsawatarwa: ƙwayoyin T da ke hana garkuwar jiki cutar da mai ita.
Kumburi: ja da zafi da tashin nama a wurin da garkuwar jiki ke faɗa.